Ƙanwata da Tsohon Majo na Tasawa

Shekara shida ba mu gaisa ba ni da ƙanwata. Ranar da aka binne babanmu a Kona ta tsaya gaban majami'a ta ce ni na kashe shi da rashin kula, alhali da safen ranar ta rungume ni tana kuka, tana cewa ba ta da kowa sai ni. Haka take tun tana budurwa. Yau kai ne hasken idonta, gobe ba ta da maƙiyi kamarka. In ranta ya ɓaci sai ta ɗora garwashi a damtsenta.

A shekarar da aka yi fari na biyu, sojoji na mulki, ina koyarwa a lakwal a Tasawa, wata maƙwabciyarta Musulma ta aiko mini daga Attantane. Mijin ƙanwar tawa ya tafi cin rani bai dawo ba, ita kuma ta daina cin abinci. Matata ta ce, "Ka manta abin da ta yi maka?" Ban manta ba. Na tafi.

Fasto ya riga ya yi mata addu'ar korar aljanu, maƙwabta sun ba ta rubutu. Ma'aikacin jinya na Mayahi, wanda muke kira majo, ya ce ba hauka ba ce. Ciwo ne na hali, maganinsa zama da wanda ya san aikin, a yi ta magana mako-mako. Mai wannan aikin kuwa sai Yamai. Mu da muke layin dawar agaji, ina mu ina Yamai?

Na yi wata guda ina tambaya kafin na sami wani tsohon majo a Tasawa da ya taɓa aiki da masu ciwon ƙwaƙwalwa. Ya ce in kawo ta duk Lahadi bayan sujada, abin da ya sawwaƙa ya isa. Na ɗauko ta, ta zauna a gidana. Tiyar wake nake kai masa.

Sau biyar ta je. Ta fara ci, har ta yi wa ɗiyata kitso. A Lahadi ta shida muka tarar ƙofarsa a rufe, ya tafi Maraɗi jana'iza. Ta zauna a ƙasa.

"Yaya, kai ka ce mishi ya gudu."

"Rasuwa aka yi mishi, zai komo jibi."

"Ƙarya kake! Ka gaji da ni, kamar kowa."

Kashegari ta hau motar kaya zuwa Najeriya, ba ta ko yi wa yarana sallama ba. Tsohon ya dawo, ya zo har gida neman ta. Ya ce laifinsa ne da bai gaya mata zai yi tafiya ba.

Bayan shekara biyu na ji tana Katsina tana sayar da ƙosai, tana gaya wa mutane wanta ya kai ta wurin likitan mahaukata don ya cinye gonar gado. Gonar da ko kara ba ta ba mu ba a shekarun nan. Na rubuta mata wasiƙa sau biyu. Ta biyun ta dawo mini ba a buɗe ba.