Murjanin da Ya Yi Fari

A shekarun da masana'antun Kano ke aiki ba dare ba rana, ni ma'aikaci ne a wani kamfanin jimar fata a Challawa, matashin magidanci mai saurin fushi da kaifin harshe. Ni da matata muna haya a Dakata. Mun daɗe da aure ba haihuwa, ciki yakan shiga ya zube, amma ba ta taɓa ɗora mini damuwarta ba. In na dawo da warin fata sai ta toshe hanci tana dariya, ta ce in yi wanka tukuna kafin ta amsa sallamata.

Manajanmu baƙo ne daga ƙasar waje, kuma ni yake kira gidansa a Bompai in famfo ya lalace. A can na fara ganin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri irin na teku. A ciki akwai murjani mai rai, abin da a da a wuyan mata kawai na san shi, da wasu kifaye biyu masu dogon baki, sirara kamar tsinken tsintsiya. Da zai koma ƙasarsu ya bar mini akwatin da injin da ke juya ruwan da buhun gishirinsa, ya ja mini kunne kada in sa komai a ruwan ban da abin da ya nuna mini. Na ji, amma ban gaya wa matata ba, don a ganina wannan harkar maza ce.

Ashe ita za ta fi ni son kifayen. Ita ta lura kullum da safe kifayen sukan jeru suna zagaya juna kamar masu gaisuwa. Da na faɗa mata namijin ne ke ɗaukar ƙwai a jikinsa har su ƙyanƙyashe, ta yi dariya har da hawaye, ta ce da ma a ce ni ma haka nake, da ta huta da tambayar dangi. In an ɗauke wuta injin ya tsaya, sai ta sauke girki ta zauna da ludayi tana ɗibar ruwan tana mayarwa, don kada numfashinsu ya ɗauke. Sau da yawa tun daga zaure nake jin ƙarar ludayin nan, in san tana ciki.

Rannan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ruwan ya gurɓace. Sai ta yi abin da kowace mace a unguwarmu ke yi wa ruwan rijiya, ta jefa ɗan alimun don dattin ya kwanta. Na dawo aiki na tarar da ruwa garau, kifayen a ƙasa ba motsi, namijin da ƙwai a jikinsa, ita kuma a tsugune tana kuka. Maimakon in lallashe ta, sai na ce ba abin mamaki ba ne, wadda ta kasa riƙe ciki ina za ta iya riƙe kifi. Washegari ina wurin aiki ta tafi gidansu.

Kowa ya san abin da ake yi in mace ta yi yaji: miji ya ɗauki ƙafa ya je biko. Yayana ya yi mini magana, limamin unguwa ma ya yi, na ce sai ta gane kuskurenta. Kullum ina ce wa kaina ranar hutu mai zuwa zan je, girman kai na riƙe ni, murjanin kuma na dusashewa a gabana har ya koma fari fat. Ranar da na je, mahaifinta ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya ce ta jira ni har ta daina jira, yanzu rabuwa take nema. Ko fuskarta ban gani ba.

Na sake aure, yau har da jikoki, na kuma ji ita ma Allah ya ba ta 'ya'ya a wani gidan. Na yi mata murna, amma kewarta ba ta sake ni ba. Guntun murjanin yana nan a tagata. Abin da na koya shi ne, kuskuren da aka yi don ƙauna ba a biyan sa da baƙar magana, in kuma ta kuɓuce maka, kada ka bari ta kwana. Maza 'yan'uwana, wanda matarsa ke gidansu yau, ya tashi ya je. Ni har yanzu in an ɗauke wuta sai in yi shiru a zaure, ina sauraron ludayi.