Ragon Da Na Ci Da Sunan Gidan Wasu

Na sha wuya a rayuwa, amma babu kamar ta shekarar da sunan da nake amsawa ya zame mini tarko. Zamanin En'e ne, ina da jakai biyu, ina dakon gero daga Roni zuwa kasuwar Babura. Boko ban yi ba, allon ma ban yi nisa ba. Kakana mai yankan ciyawar doki ne a wani babban gida a Kazaure, shi ya sa aka riƙa kiran mu da sunan gidan, har ya bi mu. Mu da yawa muke amsa shi. Akwai malamin jangali, wanda shi ne ɗan gidan na jini, akwai wani mahauci a Gwiwa, da wani makaɗi a Roni, sai ni mai jaki.

Wata ranar kasuwa wani dattijon Bafillatani ya ji an kira ni, ya biyo ni har inda na ɗaure jakai. Mutumin da ya isa ya haife ni ya tsuguna yana ce mini ranka ya daɗe. Ya ce an kai ɗansa gidan yari a Kazaure don ya ɓoye shanu a daji ranar ƙirgar jangali, yana so in roƙar masa ɗan'uwana malamin jangali. Ga farin rago riƙe a hannunsa. Ni kuwa matata ta haihu, suna ya matso, ko akuya ba ni da ita. Da na buɗe baki na ce mu ba jininsu ba ne, da shi ke nan. Na kalli ragon nan, na karɓe shi, na ce wa dattijon, wanda nake kira Baffa, ya kwantar da hankalinsa.

Bayan suna na je Kazaure da gaske. Baran da ke zaure ya tambaye ni ɗan wa, da na faɗa sai ya kece da dariya, ya ce ai dokin ya daɗe da mutuwa, ciyawar me na kawo. Na wuni a rana, malam ya fita ya shiga bai ko kalle ni ba. Na je wa mahaucin Gwiwa, ya ce shi ma kakansa fawa yake yi wa gidan, in ya je ko tabarma ba a shimfiɗa masa. Makaɗin kuwa cewa ya yi shi ma yana cin goro da sunan, amma haukansa bai kai na cin rago ba.

To, sai na rasa mafita. Ba dama in bar zuwa Babura, can abincin gidana yake. Ba dama in faɗi gaskiya, don in labari ya kai Kazaure cewa na karɓi abu da sunan malam, ni ma sai gidan yari. Kowace kasuwa Baffa na gindin tsamiya da ƙwaryar nono yana jirana, ni kuma ina ce masa an kusa. Rani ya shigo, 'yan'uwansa suka yi kudu da garke, shi ya tsaya saboda maganata, shanunsa na ramewa. Ranar da ta ƙare mini ita ce ranar da ya ce arɗonsu ya so kai kuka wurin hakimi tun farko, shi ya hana, ya ce yana da ɗan gida, ba zai kunyata ni ya bi wata hanya ba. Na ajiye ƙwaryar nonon nan ban sha ba.

Ku masu amsa sunan manya, ku san inda naku ya tsaya. In mai neman taimako ya ɗauke ka wanda ba kai ba, gaya masa tun yana tsugune, kafin ya rufe sauran ƙofofinsa saboda kai. Ɗan Baffa ya fito daga baya ta hannun arɗo, amma shanun da suka faɗi a ranin nan ba su tashi ba.

Washegarin ranar da ya gaya mini maganar arɗo, ban ɗora wa jakai kaya ba. Na kwance babban, na ja shi har ruga, na ɗaure a turken Baffa, na cire hulata, na tsuguna a gaban arɗo da Baffa na gaya musu aikin kakana.