Buhunan Shinkafa a But ɗin Motar Baba

Ina wurin aiki a unguwar Mohandessin da ke Alƙahira, bayan azahar, Umma ta kira ni. Ba ta yi kuka ba. "Aminu, Babanku ya cika," in ji ta. "A kan gadonsa, ina riƙe da hannunsa." Na yi salati, hawaye suka zubo, amma ba zan ɓoye ba, har da sanyi na ji a raina. Shekara da shekaru muna tsoron a kan titi ajali zai same shi.

Baba ma'aikacin ofishin jakadanci ne, kuma kafin a kawo shi Alƙahira ya yi aiki a Kanada. Can ya sayi motar da ta hana Umma sukuni, jar mota mai ƙarfin tsiya, wadda tayoyin baya ne ke tura ta. Kowa ya ce masa ba motar dusar ƙanƙara ba ce. Baba mutum ne mai haƙuri a komai, amma ban da zancen mota.

Wata safiya yana kai mu makaranta, bayan motar ya zame, muka juya muka faɗa cikin tudun ƙanƙara a gefen hanya. Ba wanda ya ji ciwo. Da muka koma gida Umma ta tare shi a ƙofa: "Alhaji, in ka mutu a ƙasar nan wa zai yi maka wanka? Wa zai ɗauke ka? Ni da yara?" Ya raɓa ta ya shige ciki. Maganar ta zauna mana duka.

Maƙwabcinsa ya ba shi shawara ya sa buhunan yashi a but, nauyin ya danne tayoyin baya su kama ƙasa. Baba ya ce shi ba zai yi dakon abin da ba a ci ba. Ya sayo shinkafa buhu biyu. Sanyi na wucewa sai ya kai wa ɗaliban da ya sani. Yakan ce mini, "In bayanta ya zame kada ka taka birki. Sassauta ƙafa, ka bi ta da sitiyari a hankali." Haka yake yi da mu ma in mun yi fushi.

Ya taho da motar Alƙahira, inda babu ƙanƙara ko ta magani, amma buhunan ba su bar but ba. Na sha tsokanarsa: "Baba, yau ma ana sa ran ƙanƙara a unguwarmu ta Maadi?" Sai ya ce, "Ma'alish, ba komai, motar ce ta saba da nauyi. Yalla, shiga." Na ɗauka tsufa ne. Ban taɓa tambayar me ya sa buhunan kullum sababbi ne ba.

Ranar rasuwar, tsohuwar tambayar Umma ta dawo mini. Na san Misirawa ba sa barin gawa babu salla, amma mu a garin nan ba mu da dangi. Kafin la'asar sai ga ɗalibai 'yan Arewa sun cika matakalar gidanmu, da wasu dattawan Hausawan Sudan daga unguwar Arba wa Nus. Babbansu, Malam Idrisu, ya kama hannuna ya ce, "Khalas, shi ke nan, ɗana, ka zauna da mahaifiyarka. Wanka namu ne. Shinkafar mutumin nan ta raba mu da yunwa ba sau ɗaya ba."

Su suka yi masa wanka, su suka ɗauki makara, suna karɓa daga kafaɗa zuwa kafaɗa, har ni ɗansa da ƙyar na samu wurin kamawa. Da na dawo daga maƙabarta na faɗa wa Umma, ta ce, "Alhamdulillahi. Ashe ya ji ni."

Allah Ya gafarta wa Baba, Ya yi masa rahama, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Umma da ƙanwata Hafsa haƙurin rashinsa, Ya saka wa waɗanda suka ɗauke shi da alheri. Buhu biyu na nan a but har yanzu, Allah Ya ba ni ikon kai su inda yake kaiwa. Amin.