Iya Mita Ta Tafi, Tifofin Yashi Na Jira

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Mayu, ina kan tsani ina ɗora bulo aka kira ni aka ce Allah ya yi wa Alaja Risikatu Ajibade rasuwa a birnin Ajashe, bayan jinyar wata biyu. Na sauko ban wanke hannu ba. Har yau na kasa zama wuri ɗaya.

Iya Mita, haka muke kiranki saboda tef ɗin awon da ba ya rabuwa da ɗamararki. Shekara ashirin da biyu kina cikin kwamitin unguwarmu mai kula da tazarar da ake bari tsakanin fadama da gini. Mu magina ba ma son jin ƙarar zem, wato babur ɗin hayar da ke kawo ki.

Ni da faɗa muka fara. Na gama haƙa tushen gidan da zan gina wa mahaifiyata, sai ga ki da takalmin roba, kika auna, kika girgiza kai.

"Mashudi, ɗakin nan na Mama ne ko na kwaɗi?"

Na ce, "Iya, ai ruwan yana can nesa!"

"Yanzu rani ne, ɗana. Ka dawo da bakin nan a watan Yuni."

Na yi miki maganar da nake jin kunyarta har gobe. Ba ki rama ba. Bayan kwana uku kika dawo, kika zauna kan buhun siminti kika fassara mini ƙa'idar daga Faransanci zuwa harshenmu. Tazarar mita ashirin da biyar ce, daga inda ruwa ke tsayawa a tsakiyar damina. Ana iya rage ta kaɗan ta wani gefe idan mai fili ya ƙara daidai haka ta wani gefen, amma ban da bakin da ruwa ke shigowa. Da kanki kika zana yadda zan juya gidan, na bar kusurwar baya ga ciyawar kachala da bishiyoyi. Mama ta kawo miki akasa, wato agidin masara, da soyayyen kifi, kika ce sai an sa hannu a takardar izinin gini tukuna, kada a ce da kifi aka auna.

Shekarar babbar ambaliya ruwa ya tsaya taku shida daga ƙofar Mama. A tsallake, inda aka cike fadama da ƙasa, da kwalekwale aka fitar da mutane. Ba ki ce wa kowa ai kin faɗa ba. Kika shiga ruwa har ƙugu kina ɗaukar tabarmin jama'a.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Wani mai gina rukunin gidaje ya nemi a riƙa auna tazarar daga bakin ruwan rani. In aka yarda, bakin shigar ruwan gaba ɗaya ya zama nasa. Tifofinsa bakwai na tsaye a bakin titi cike da yashi, kwamiti kuma zai zauna ranar Alhamis, kujerarki babu kowa. Ni ya zaɓa na zama shugaban maginansa, aikin shekara biyu. Da na je duba ki a asibiti na gaya miki, ina tsammanin faɗa. Sai kika ce, "Kana da iyali, ba zan hana ka ba. Amma ka san inda ruwan ke bi, da ƙafarka ka taka shi."

Jiya na je na ce wa mai rukunin gidajen ya nemi wani. Matata ba ta yi mini magana ba tun lokacin, kuma ban ga laifinta ba. Ranar Alhamis zan tsaya gaban kwamiti, ni da ban iya Faransancin da ake zaman da shi ba, na faɗi abin da na gani. Ban san ko za su saurari magini ba, ga hadari kullum yana haɗowa.

Allah ya jiƙanki, Iya, ya yafe kurakuranki, ya yalwata makwancinki. Ni ma ki yafe mini. Ga maigidanki Baba Wasiu Ajibade, da 'ya'yanki Latifatu da Gafaru, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu da kika bari a bakin ruwa, Allah ya tsayar da ƙafafunmu. Amin.