Haƙori Ɗaya a Sarƙar Inji

Ranar wata Laraba ce, saura kwana biyar Babbar Sallah, shekarar da na cika goma, tun ƙasarmu tana amsa sunan Dahomey. Ina durƙushe a gindin mangwaron ƙofar gidanmu a Titirou, cikin Parakou, riƙe da tsumma, Baba kuma ya shimfiɗa buhu ya jera kayan cikin babur ɗin Alhaji Mamman, dillalin dabbobi. Washegari Alhaji zai kama hanyar Djougou, ya zarce rugagen Pélébina neman raguna, don haka dole aiki ya ƙare kafin la'asar. Duk unguwa an san ni da zaman garejin Baba, har mata na yi wa Inna tsiya wai ta haifi 'ya mace ta ba ƙarfe goyo. Abin da ba su sani ba shi ne yanar ido ta fara rufe ganin Baba tun shekara biyu, kuma ni ce nake gani a madadinsa. Daga ni sai Inna muka san wannan, domin bakanike in aka ce ba ya gani, to sai dai ya rufe akwatin sifanu.

A lokacin kwanakina duk iri ɗaya ne, kuma ban taɓa gajiya da su ba. In jawo ruwa a rijiya in cika randunan Inna, in share tsakar gida, in kai wa awaki ɓawon doya, sannan in ruga lakwal, makarantar boko, da allona a hammata. Da an tashi sai gindin mangwaro, in zauna ina wanke notuna da kananzir a tsohon gwangwanin tumatir. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "Uwata". Hannunsa kuwa ya san inji kamar yadda Inna ta san tukunyarta. In zai mayar da kan inji, wanda yake kira kulas, sai ya shafa bakinsa da yatsa ya ji ko akwai ƙura, ya ɗora sabon juwan da ke hana iska tsira, ya zura kan a hankali bisa dogayen ƙusoshi huɗu. Sarƙar ciki kuma ya maƙale ta da waya don kada ta zame ta faɗa. Notunan nan huɗu ba ya ɗaure ɗaya ya gama, sai ya ɗan ja wannan, ya tsallaka ya ja na can, ya yi ta zagayawa. Yakan ce, "Ɗaurin kulas gaisuwar zaure ce, ba a ƙare da mutum ɗaya a bar saura a tsaye."

Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin hannunsa. A cikin kan akwai supap biyu, ƙananan ƙofofin da ke shigar da mai su fitar da hayaƙi, kuma dole su buɗe a kan lokacinsu. Baba yakan zura tsinken tsintsiya ta ramin buji, wato fulogi, ya juya inji har ya ji fistan ya kai ƙololuwa. Daga nan sai a ɗora sarƙa a kan wani faifai mai haƙora, wanda ke da ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero, a daidaita ɗigon da wata tsaga a jikin kan. Ɗigon nan ya suɗe, yatsa ba ya jin sa. Nan ne aikina. Sai ya ce da ƙarfi, "Uwata, goge mini nan," in sunkuya kamar mai goge mai, in raɗa masa ko ya yi gaba ko ya koma baya.

Ran nan kuwa hankalina ba ya wurin. Ƙawayena sun tsaya a bakin lungu suna yi mini hannu, za a je wurin tela duba kayan Sallah, kuma an yi mini ɗinkin atamfa na farko a rayuwata. Na leƙa sau ɗaya, na ga ɗigon ya yi kusa da tsagar, na ce a raina kusa ma ai daidai ne. Na raɗa masa ya yi. Ya rufe, ya gwada ratar supap da reza, ya ɗaure komai. Ban kai ga tsallake kwata ba Alhaji Mamman ya iso da mahauta biyu. Baba ya taka babur, ya tashi da tari, ya yi wata ƙara kamar bindiga har kaji suka watse, sannan ya mutu. Ya sake takawa, haka. Alhaji ya daɗe yana kallon fuskarsa, sannan ya ce a hankali, "Malam Sule, ashe abin da ake raɗe-raɗi gaskiya ne?"

Na juyo daga bakin kwata. Baba bai ko waiwayo ni ba. Ya goge hannu ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Ido ya tafi. A yi mini haƙuri in buɗe." A gabansu ya buɗe, a gabansu ya kira ni, wannan karon ba da sunan goge mai ba. Na duba da kyau hawaye na zuba, haƙori ɗaya tak sarƙar ta tsallake. Aka mayar, babur ya tashi lafiya lau, Alhaji ya je Pélébina ya dawo da ragunansa. Mutumin kirki ne, bai daina kawo aiki ba. Amma zance ba ya kwana a mahauta, sauran masu babura suka janye ɗaya bayan ɗaya. Kafin wata Sallar ta zagayo mun ɗaure kaya mun koma Djougou, gidan yayan Baba, inda kakanninmu fataken goro suka zauna tun da daɗewa.

A Djougou Baba ya koma zaman zaure, yana zaɓen goro da hannu, yana ware mai tsutsa, ni ina yayyafa wa ganye ruwa. In babur ya wuce sai ya ɗaga kai ya ce supap ɗin wancan ya saki, kaico, da zai tsaya. Sai da na shekara shida da nauyin nan a ƙirjina, ana gab da bikina, na durƙusa na gaya masa ban duba da kyau ba. Ya yi murmushi ya ce, "Na sani, Uwata. Na ji ƙafarki tana rawa tun kafin ki yi magana. Ni ne na ɗora wa yarinya kayan da ya fi wuyanta." Bai ƙara ta da zancen ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yau babura sun cika Parakou, ba ka iya tsallaka titi sai da addu'a, kuma yaran gareji in kan inji ya lalace cire shi suke yi su sa sabo. Bara ni ma yanar ta rufe mini ido. 'Ya'yana suka kai ni asibiti da hantsi, kafin azahar an cire ta, washegari aka kwance bandeji na ga har zaren zanena. Likita yana ta yi mini barka, ni kuwa kuka nake yi, ya zaci murna ce. Aikin rabin yini ne kawai ya tsaya tsakanin Baba da sana'arsa, sai dai ya riga zamanin zuwa.