Littattafan da Baba Ya Hana Mai Awara

Ina yarinya a Gwiwa, duk ranar kasuwa wani mutum yakan zo daga Kazaure da kwali ɗaure a bayan keke, cike da littattafan Hausa. Sai ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, ya jera su, ya danne da duwatsu saboda iska. Yayata ce ke karɓo haya, ta karanta mana muna ɓarar gyaɗa. Ni a aji huɗu na tsaya, karatuna sai a hankali.

Da aure ya kawo ni Kazaure na tarar ashe shago gare shi a bakin kasuwa. Baba mai littafi kowa ke ce masa. A da, an ce, sai ka jira mutane su ragu kafin ka samu shiga. Yanzu kowa ya koma waya. Maƙwabciyata ma wata murya ce ke karanta mata labari tana wanke-wanke. Masu littafin da ke kusa da shi duk sun koma sayar da caja.

Damuwata 'yata ce. Tana aji uku, ta san baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya, amma haɗa su ya gagara. Gidanmu kuwa ban da Alƙur'ani da na Islamiyya babu wani littafi. Tsoro nake ta tsaya inda na tsaya, abin har abinci yake hana ni ci.

Sai na ji Baba zai rufe shago, idonsa ya yi rauni, zai koma wurin ɗansa a Roni. Na tambayi maigidana, na goya ƙaramin ɗana, na riƙo hannun 'yata muka tafi.

Muka tarar da wata mai awara tana roƙonsa ya sayar mata da littattafan ta riƙa ƙunshi da su.

"Baba, takarda ce fa kawai, ƙura ke cin ta."

"Buɗe duk inda kika so," in ji shi. "Sallama ce, in sha Allahu ne, alhamdu lillahi ne. Ki naɗe awara, yaro ya cinye ya yar a kwata da sunan Allah a jiki, gobe ƙiyama wa za a tambaya?"

"To ka barbaɗa musu yaji ka cinye abinka!"

"Ke dai kawo awarar, yajin ina da shi."

Ta tafi tana dariya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce kyauta yake rabarwa, amma sai wanda ya karanta masa shafi ɗaya a gabansa, don mai karantawa ba ya yarwa. Ga masu caja sun zubo ido, ga 'yata tana kallona.

Ya miƙo wani siriri, labarin wani da aka sace masa akuya. Na fara a hankali. Inda na kakare bai gyara mini ba, bai kuma hanzarta ni ba. Ya lumshe ido ya jingina, kamar mai sauraron rediyo. Da na kai ƙarshen shafi ya ce, "Ah, 'yata, kya bar ni a nan? An kama ɓarawon ko kuwa?" Shi da ya shekara yana ba da hayar littafin nan.

Ya ware kashi biyu, yana shafa bango yana gane kowanne. "Waɗannan na jikar nan tawa ne. Waɗannan kuwa naki, ki sa a ƙasan akwati sai ta girma."

Tun daga nan bayan la'asar nake karanta mata. Ta fi son wayar babanta, ba zan ɓoye ba, kuma malaminta ya ce har yanzu da saura. Amma ran nan ƙaramin ya tashi da kuka muna tsakiyar labari, na ajiye na shiga ɗaki ba shi nono. Can na jiyo ta a tsakar gida tana ta gunguni, ta ja kalma, ta saki, ta sake jawowa. Ko motsi ban yi ba. Sai ta ɗaga murya: "Umma, kada ki fito tukuna, saura layi ɗaya!"