Bareyin Kaka Masu Gaisuwa

Kakata ta wajen uba ta zo Landan ne don a duba mata gwiwa a wani asibiti da ke Marylebone. Wata biyu aka ce za ta yi, sai ga ta ta share shekara da rabi a ɗan gidanmu na Stratford, kullum tana zagin sanyi, kullum kuma tana ɗaga ranar komawa. Shekarata tara a lokacin, ƙanwata Nana tana da shida. Ni take kira angonta, irin tsokanar kaka da jika, ta ce ita dai ba ta yi sa'ar miji ba, ga rowa, ga Hausar da ba ta nuna ba.

Akwai wata hita a falonmu mai jajayen sanduna biyu. Da an idar da magariba sai Kaka ta ja kujera gabanta, ta miƙa tafukanta kamar mai jin ɗumi a bakin murhu, mu kuma mu baje a kafet. Baba yana gefe da jarida, Umma tana goge mana kayan makaranta. Tatsuniyoyin kura da na 'yan matan rafi duk mun sha su, amma wanda muka fi roƙo shi ne labarin Osaka. Marigayi kakanmu ma'aikacin masaƙa ne a Kaduna, aka tura shi Osaka ta ƙasar Japan koyon injuna, ya tafi da ita suka yi wasu watanni. Ba ta jin ko kalma ɗaya ta yaren, amma zaman ɗaki ya ishe ta, sai ta riƙa saɓa mayafi ta kama hannun "wani yaro" su shiga gari.

A bakin Kaka, garin nan don yara aka gina shi. Ta ce a saman rufin manyan kantuna ake ajiye lilo da ɗan jirgin ƙasa, yaro yana wasa yana hango motoci can ƙasa. Ta ce akwai gidan abincin da farantai ke zagayawa da kansu, ka miƙa hannu ka cafke naka. A ranar biki kuma ana ba yara ludayin takarda su kamo jajayen kifaye, kafin ka kama ɗaya takardar ta jiƙe ta yage. Muna ta dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi, tana dai bin fuskokinmu da kallo.

Sai ta zo kan bareyi. Wata rana, in ji ta, suka hau jirgi zuwa wani gari kusa, inda bareyi ke yawo cikin mutane ba mai korarsu. Ana sayar da wani biskit nasu na musamman, in ka ɗaga shi sai barewa ta sunkuyar da kai ta gaishe ka. Ta saya wa yaron nan, wata barewa ta zo ta rusuna masa sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Shi kuwa ɗan rowa ya jefa biskit ɗin a bakinsa, sauran ya cusa a aljihu. Barewa ta ga an ci gaisuwarta a banza, ta cafki aljihun ta ja, tazuge ya tsinke. Haka yaro ya zuba a guje yana ihu, wando a bakin barewa, tsofaffin Japanawa suna rufe baki suna dariya.

"Wanda ya rusuna maka, ko dabba ce, ba ka barinsa hannu sake," in ji ta. "In ka bar shi, to ka riƙe wandonka da kyau."

Duk lokacin da aka zo wurin nan sai Baba ya yi tari ya ƙara ɗaga jarida. Umma ce ta raɗa mana dalili: ɗan fari ne, Kaka ba ta faɗin sunansa don kunya, shi ya sa ya zama "wani yaro". Ranar da muka gane cewa wannan Baban mai ɗaure fuska ne ya yi tsere ba wando, Nana har sai da ta shaƙe don dariya.

Ni na ɓata abin da kaina. Aka ce a makaranta kowa ya ba da labarin wata ƙasa, na miƙe da alfahari na kawo bareyin Kaka. Malamar ta yaba mini da iya ƙirƙira, 'yan ajin kuwa suka wuni suna rusuna mini. Na dawo gida rai a ɓace na tambayi Baba, ya ce shi shekararsa biyar a lokacin, bai tuna komai ba. Da magariba, a gaban kowa, na ce mata, "Kaka, you made it up. Ƙarya ce." Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni ta ce to, sannan ta ba mu tatsuniyar kura. Har ta koma Kaduna ba ta sake ambatar Osaka ba, ko da Nana ta yi kuka.

Na girma na ga bidiyon bareyin da idona, na san ta faɗi gaskiya. Sau nawa na kira ta a waya da niyyar ba ta haƙuri, sai mu yi ta wasan ango da amarya har mu yi sallama ban faɗa ba. Abin ya daɗe yana cina, don shekarunta suna ta ja.

Bana na kwashi matata da yaranmu biyu, Amal da Faruk, muka tafi Osaka. Mun shiga gidan kallon kifaye inda wani ƙaton kifi ya wuce ta saman kawunanmu, Faruk ya ƙanƙame ƙafata. Mun cafki farantai masu zagayawa, Amal ta yaga ludayin takarda har huɗu. A rana ta biyar muka hau jirgi zuwa wurin bareyi. Da la'asar ne a can, a Kaduna kuwa da safe, na san Kaka tana kan tabarma da kofin kokonta. Na kira ta ta bidiyo, na saita wayar kan wata barewa da ke rusuna wa Amal. Na ce ga su nan, gaskiya ta faɗa, ta yafe mini abin da na ce mata ina yaro.

"Kai dai wallahi ba ka da wayo," ta ce. "Ni za ka nuna wa barewa? Na gan ta tun ubanka bai iya ɗaura tazuge ba. Na yafe tuntuni. Juya wayar in ga yaran."

Na juya. Amal ta buɗe baki, idanunta kamar su faɗo, Faruk yana rusunawa shi ma yana mayar da gaisuwa. Kaka ta ƙura musu ido, sannan ta fashe da dariyar da ban taɓa ji daga bakinta ba.

A jirgin komawa na yi ta tunani. Shekara da shekaru na ɗauka abin da na tauye mata shi ne gaskiyarta, ashe ita ba ta taɓa neman shaida ba. Mace ce da ta bi titunan da ba ta iya karanta allunansu don kawai ta ga murna a fuskar ɗanta, ta zo Landan ta sake nemo murnar a fuskokinmu, ni kuma na rufe mata tawa. Na duba wayata, hotunan kwana biyar duk na gine-gine ne da kifaye. Na kashe ta na sa a aljihu, na ce wa Amal ta ba ni labarin abin da ta gani.